Hawan Badi'a

Ku yi haƙuri da ni yau, ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba. Ku da kuka saba cika min akwatin saƙo da "Badi'a kin yi dace, Allah ya ba mu irin Mu'awiyya", to ku matso kusa. Ku karanta har ƙarshe, in ya so wadda take so ta zo ta ɗauka.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni, sunana Badi'a, a Ikara nake, shekarata ashirin da huɗu. Safiyo na karanta, wato awon ƙasa da zanen taswira, na gama na dawo gida ina jiran aiki kamar kowa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, gyaran keke yake yi a bakin tasha, shi ya sa tun ina firamare na iya faci, na iya ɗaurin birki, na san ƙarar da sarƙa take yi in ta kusa tsinkewa. Mu'awiyya kuwa ɗan Makarfi ne, malamin gona, kuma shugaban wata ƙungiya ta masu keken hawa duwatsu, irin mai ƙatuwar taya da giya sama da ashirin. Babu wanda ya haɗa ni da shi. Ni na gan shi, na ji ina so, na kawo shi gida. Gobe Asabar manyansa za su zo sa rana.

Wata huɗu da suka wuce ya zo zance, ya miƙe ƙafa a kan dardumar da na shimfiɗa masa a zaure, ya ce ƙungiyarsu ta gaji da zagayen kwalta. Hanya suke so ta kwana uku, wadda za ta tashi daga Kudan, ta ratsa gonakin rake, ta bi ta Makarfi da Gazara, ta faɗo Ikara, sannan ta haura cikin duwatsun da ke kudu da mu, can inda mota ba ta zuwa.

"Malama Taswira," haka yake kirana in yana son wani abu, "ke za ki zana mana."

Ya miƙo min wayar ƙungiya, wata baƙa mai tsagaggen gilashi. Akwai manhaja a cikinta da in ka kunna ka jefa wayar a jaka, duk inda ka taka sai ta ja layi, ta rubuta nisan tafiyar da tsayin hawan. Da zarar ta samu sabis sai ta tura layin can inda shi ma yake gani daga Makarfi. Ku riƙe wannan bayanin, za ku buƙace shi.

Ni kuma da so ya rufe min ido, sai na ɗauki aikin kamar ni za a bai wa lambar yabo. Na haɗa takardun kwali huɗu na manna a bangon ɗakinmu, saman sif ɗin Yaya Bilki, har ta yi ta mitar na ɓata mata fenti. Shuɗin biro na ruwa, ja na hawa, kore na inda akwai sabis. Na sa wa kaina doka: kada a yi kilomita ashirin da biyar babu rijiya ko famfo. Kada hawa mai tsanani ya faɗo tsakar rana. Kada layi ya taɓa gonar da ba a girbe ba. Duk inda za a kwana sai da na sa aka gaida mai unguwa. Duk gangarar da nake tsoron wani zai kife, na nemo wuri mafi kusa da mota za ta iya isa ta ɗauke shi. Laka ta tsakanin Kudan da Makarfi kaɗai sai da ta cinye min takalmi biyu. Na yi baƙi, lallen ƙafata ya koɗe, Umma ta ce wace irin amarya ce wannan da take dawowa gida da ƙaya a bakin zane.

Ɓangaren duwatsu kuwa, ba don Baffa Bobbo ba da ko ƙofa ban gano ba. Baffa yayan mahaifina ne. Mahaifina ne ya shigo gari ya kama sifana, shi Baffa bai taɓa ajiye sandar kiwo ba. Tun rasuwar mahaifina shi ne ubana, kuma shi ne waliyyina, bakinsa ne zai ce an bayar ko ba a bayar ba. Ya ɗauke ni a bayan tsohon babur ɗinsa, inda babur ya gaza muka taka, kwana tara a rarrabe. Ya nuna min mashigai uku tsakanin duwatsun: Hawan Tsamiya, Kwanar Biri, da Gangaren Farar Ƙasa, wanda in ka leƙa ƙasa sai ka ja da baya. Bai taɓa tambayata amfanin abin ba. Sau ɗaya kawai ya ce, "Wato su waɗannan mutanen, suna da babur a gida, amma su hau keke su zo su sha wuya?" Na ce e. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

A rana ta tara, mun gama, muna shirin juyowa, sai ya tsaya ya dube ni.

"Badi, zo ki ga inda ubanki ya yi ƙuruciya. Amma kashe wannan abar."

Na danna maɓallin gefe, fuskar wayar ta yi baƙi, na jefa ta a jaka.

Jama'a, ni da na yi shekara huɗu ina karatun awon ƙasa. Ni da nake yi wa Umma dariya in ta kasa ɗaga kira. Fuskar wayar na kashe, ban kashe wayar ba.

Muka zagaya bayan wani ƙaton gamji da ya jingina da dutse. Wallahi ko sau ɗari ka wuce ba za ka ce akwai hanya a wurin ba. Wata tsaga ce, faɗinta daidai saniya ɗaya, ta miƙe sama tana lanƙwasa, hawan da sai da na zauna sau uku ina haki. Da muka kai ƙarshe sai ƙasa ta buɗe. Fili ne shimfiɗaɗɗe, duwatsu sun kewaye shi ta ko'ina, ciyawa har gwiwa, ga idon ruwa yana fitowa daga ƙarƙashin dutse. Ga shanun Baffa, da na wasu gidaje huɗu, maruƙa suna ta tsalle. Su a can Ɗaki suke kiran wurin. Nan suke shigar da dabbobi tun farkon damina har a gama girbi, ba su taɓa gonar kowa, kuma ɓarayin shanun da suka hana kowa barci a yankin ba su taɓa sanin da shi ba. Sama da shekara arba'in.

Baffa ya nuna min wani dutse mai santsi ya ce nan ubana yake zamewa har wandonsa ya yage. Na yi kuka, ya bar ni na yi. Da za mu sauko ya ce, "Ko Ummanki ba ta taɓa shigowa nan ba. Ke jinina ce, shi ya sa. Ba a faɗa, ba a zanawa."

Na ce, "Baffa, har abada."

Har abadan nawa bai yi wata guda ba.

Shekaranjiya Laraba da hantsi muna tsakar gida, Umma tana murza cincin ɗin tukwici, ni ina yankawa, Yaya Bilki tana gaban kasko, sai ta saki ihu har matsami ya faɗi daga hannunta.

"Ke Badi'a! Wallahi yaron nan ya iya soyayya! Zo ki gani!"

Na goge hannu a zanena na karɓi wayarta. Shafin ƙungiyarsu ne. Ga taswirata, wadda na yi wata huɗu ina yi, amma an ƙara mata wani jan layi a rana ta uku ta tafiyar, layin da ban taɓa zanawa ba. Ya bar Kwanar Biri, ya zagaya, ya haura sama. A ƙasa ga hoto: ƙaton gamji, ga tsagar dutse a bayansa, ga keken Mu'awiyya jingine a bakin wurin, an ma zagaye ƙofar da jan da'ira don kada wani ya ɓata. A sama da manyan baƙaƙe an rubuta: HAWAN BADI'A. Sannan, "Na sa masa sunan wadda ta gano shi, wadda za ta zama uwar 'ya'yana."

Na ji kamar an watsa min man kaskon nan a ƙirji.

Umma ta ce, "Mene ne? Karanta min mana." Yaya Bilki ta karanta mata, har da gyara murya. Umma ta rangaɗa guɗa ƙasa-ƙasa, ta ce, "Dutse guda da sunan 'yata! Allah ya yi wa yaron nan albarka."

Ni kuwa na shige ɗaki na kira shi. Bugu ɗaya ya ɗaga, da alama jira yake yi.

"Malama Taswira, kin ga kyautarki?"

"Ina ka samo layin nan?"

"A wayar ƙungiya mana. Ya shigo tun kwanaki, na ga ba ki sa shi a takarda ba, na ce wato ɓoye min kike yi don kada mu sha wuya. Ranar Lahadi na je na gwada, ko rabi ban kai ba na sauko. Badi'a, mita ɗari uku a tsaye! Wannan shi ne hawan da zai sa namiji kuka, shi nake ta nema."

"Ka cire shi."

"Na'am?"

"Na ce ka cire shi yanzu-yanzu, layin da hoton duka. Wurin nan amana ne."

Na gaya masa komai, ban rage ba. Ya ce, "Ina cikin taron manoma. Gobe zan zo mu yi magana." Ya kashe. Na tura saƙo goma sha ɗaya. Duk ya buɗe, ya amsa ɗaya: "Ki kwantar da hankalinki gimbiya." Har da hoton fure. Fure! Da a ce yana gabana da sai na cusa masa shi a hanci.

Jiya Alhamis bayan la'asar ya iso. Shadda ruwan toka, an kafa hula, turare tun daga ƙofar gida. Yaya Bilki ta fito min da sabon leshi mai ruwan zuma ta ce in sa. Na zura tsohon hijabina na zuwa islamiyya, mai tabon man ja a gefe, na fita. Ko ruwa ban kai masa ba.

Na gaishe shi a tsaye, ya amsa yana murmushi.

"Ka cire?"

"Zauna mana."

"Ka cire?"

Murmushin ya tafi. Ya ce, "Badi'a, ki yi tunani irin na masu ilimi. Kafin in sa hawan nan mutum goma sha tara suka ce za su zo. Daga jiya zuwa yau sun haura sittin. Daga Jos, daga Abuja, daga Kano. In na cire yanzu me zan ce musu? Shekara uku ina gina ƙungiyar nan ana min dariya."

"Ka ce musu ka yi kuskure."

"Kuskuren wa? Ni na riƙe wayar?"

Nan ya soke ni, kuma ya san ya soke ni. Na ce, "Nawa ne. Na yarda nawa ne. Amma ni ban sani ba na yi, kai kuma yanzu ka sani."

"Haba, daji na Allah ne. Kuma wannan zamanin wa yake ɓoye dutse? Tauraron ɗan'adam yana ganin ko'ina."

"Kar ka koya min aikina, Mu'awiyya." Rabon da in kira sunansa gatsal a gabansa har na manta. "Na duba hoton sama ya fi sau ashirin. Bishiyoyi kawai ake gani. Babu wanda ya san da ƙofar nan sai da ka zagaye ta da jan biro kamar mai tallan fili."

"'Yan keke ne fa kawai suke bin shafin."

"Ka san su duka? Ka san iyayensu?"

Ya sauke numfashi irin na wanda yake haƙuri da ƙaramar yarinya. Wannan numfashin ya fi komai ƙona min rai. Ya ce, "To ji nan. Bari a gama sa rana. Ranar Lahadi sai mu zauna mu duba. In ya so in je in ga Baffa da kaina, in yi masa bayani, mu ma mu yi musu wani abin alheri. Wai shanu nawa ne ma a ciki?"

Shanu nawa ne ma. Kun ji fa. Mutumin da ya ci tuwon Goggo Hindu, matar Baffa, ya sha nononsu har da neman ƙari, shi ne yake tambayar shanu nawa ne ma.

Na ce, "Tashi ka tafi."

"Korata kike yi?"

"Ka cire, ko ka tashi."

Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "Ni ba a ba ni umarni. Na yi abu don in girmama ki a idon duniya, kin mayar da ni ɓarawo. In kin huce kya kira ni." Ya ja babur ɗinsa ya tafi.

Ashe Umma tana bayan ƙyaure. Ina shigowa ta kama hannuna ta ja ni ɗakinta, ta tura ƙofa. Ɗakin duk ƙamshin dubulan, robobi jere a ƙarƙashin gado, ga atamfar da za ta sa ranar Asabar a rataye an goge.

"Ke wace irin yarinya ce? Kwana biyu ya rage ki kori mutum daga zaure?"

"Umma, kin ji abin da ya yi."

"Na ji. Bai kyauta ba. Amma ba ya ce Lahadi ba? Ki bari Asabar ta wuce."

"Gobe zan je in gaya wa Baffa."

Ta dafe ƙirji. "Ki gaya wa wa? Kin san halin Baffanki kuwa? In ya ji maganar nan wallahi ko goron ba zai taɓa ba. An gaya wa dangi, mutanen Makarfi sun ce da sassafe za su taso, ki sa in shiga ina da kunya? Shi da ba ya ko riƙe babbar waya, wa zai nuna masa? Kwana biyu kacal, Badi'a. Kwana biyu me zai faru?"

Yaya Bilki ta leƙo ta ce, "Ni dai ban ga abin tayar da hankali ba. Wasu ko sunansu a jikin kofi ba a rubuta musu ba."

Na ce, "Yaya, don Allah ki koma gaban kaskonki."

Sai Umma ta sassauta murya, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Ta ce, "Tun da mahaifinku ya rasu ban ga taron farin ciki a gidan nan ba. Wannan ɗaya nake roƙo. Ki yi min shiru."

Tunda na ce zan gaya muku gaskiya, bari in gaya muku wadda ba ta yi min daɗi ba. Na ce mata to. Na ce to, na koma na ci gaba da yankan cincin. Domin ina son Mu'awiyya, har yanzu da nake zaginsa a nan ina sonsa, kuma ina tsoron idon Baffa. Na ce a raina wataƙila babu abin da zai faru, wataƙila ni ce mai zuzutawa.

Yau da safe bayan na idar da sallah na buɗe shafin in ga ko Allah ya taɓa zuciyarsa. Yana nan daram. Mutum dubu biyu da ɗari ɗaya sun gani. Na bi sharhin mutane, masu "ma sha Allah", masu "soyayya ruwan zuma", masu tambayar irin tayar da ta dace. Can ƙasa sai na ga wani, babu hoto, babu cikakken suna, ko keke ɗaya babu a shafinsa. Ya rubuta: "Akwai ruwa a saman? Babur zai iya shiga?"

Wataƙila ɗan keke ne mai tambaya. Wataƙila. Amma wani daga cikin 'yan ƙungiyar har ya ba shi amsa: "Shugaba ya ce ya ga kashin shanu a hanyar, ka ga kuwa dole akwai ruwa."

Ban yi wa kowa sallama ba. Na ɗauki mayafi, na tari ɗan acaɓa a bakin tasha, daidai inda rumfar mahaifina take a da.

Rugar Baffa tana gindin duwatsun, tafiyar awa ɗaya da rabi. Na same shi zaune a kan buzu, an yi masa aski, an gyara gemu. Babbar rigarsa fara, wadda ba ya sawa sai da dalili, tana shanye a kan dangar kara. Ga wani rago ɗaure a turke. Goggo Hindu ta taso da murna, "Lale da amarya! Kin ga ragon baƙinki? Tun jiya ya ware shi."

Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi Umma, ya tambayi Bilki, ya tambayi gari, ya tambayi gajiyar hanya, ya sake tambayar Umma. Ina amsawa a gajarce, idona a ƙasa. Da gaisuwa ta ƙare ya dube ni ya ce, "Badi, ba gaisuwa ta kawo ki ba."

Na miƙa masa wayata da hannu biyu. Baffa ba ya karatun boko, amma gamjin nan ya san shi tun kafin a haifi mahaifina. Ya daɗe yana kallo. Ya sa babban yatsa ya shafa jan da'irar, kamar zai goge ta.

"Wa ya ɗauka?"

"Mu'awiyya."

"Wa ya kai shi?"

Na gaya masa. Maɓallin, jakar, layin, komai. Ban ce wayar ce ta yi ba, na ce ni ce.

"Mutum nawa suka gani?"

"Sun fi dubu biyu, Baffa."

"Duka masu keke ne?"

"Ban sani ba."

"Tun yaushe?"

"Tun Laraba."

Ya ɗago. "Yau Juma'a."

Wallahi da ya zare sandarsa ya rafka min da na fi jin daɗi. Na sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a kan buzun.

Ya sake duban wayar, ya nuna manyan baƙaƙen da ke sama. "Nan me aka rubuta?"

Na kawar da kai.

"Karanta min."

Na ce, "Hawan Badi'a."

Goggo Hindu ta saki salati. Baffa ya ajiye wayar a kan buzu a hankali, ya miƙe, ya ƙwala wa Maiwada kira, babban ɗansa, magidanci mai 'ya'ya biyar. Ya ce ya hau babur ya zagaya gidajen nan huɗu, ya ce kowa ya fito, yau za a fitar da shanu daga Ɗaki.

Maiwada ya ce, "Yau, Baffa? Dawa tana tsaye a gonaki, ta ina za mu bi da su? Ga shanu uku sun kusa haihuwa."

"Ta inda Allah ya nufa. Ba za su sake kwana a can ba."

Kafin azahar na ga abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Ina tsaye nesa da gamjin, shanu suna fitowa daga tsagar ɗaya bayan ɗaya, suna turjewa, suna waiwaye, don su ma ba su saba fita a wannan lokacin ba. Wani dattijo ya fito da maraƙi saɓe a wuya. Mata suna ɗaure ƙore da tabarmi. Mazan da suka saba tsokanata da "'yar birni" suka wuce ta gabana, babu wanda ya zage ni, babu kuma wanda ya dube ni. Yau babu wanda ya je masallacin Juma'a a gidaje biyar, saboda ni da masoyina mai fure.

Ana cikin haka wayata ta yi ƙara, sabis ya ɗan leƙo. Mu'awiyya ne.

"Na yi tunani. Na cire hoton saboda ke, layin ma zan duba. Shi ke nan ko? Kin huce? Wace kalar shadda zan sa gobe?"

Na karanta sau biyu. Na ɗaga wayar na ɗauki hoton shanun suna fitowa, na tura masa, ban rubuta ko harafi ba.

Baffa ne ya fito a ƙarshe, bayan saniya ta ƙarshe. Ya tsaya ya dafa gamjin, ya ɗan jima, sannan ya nufo ni.

"Gobe zan shigo Ikara," ya ce. "Na yi wa ƙanena alkawari a kanki, ba zan fasa ba. In sun zo zan tambaye ki a gaban Ummanki. Kika ce a ba shi, zan ba shi. Kika ce a'a, zan mayar musu da goronsu. Wannan naki ne, ba zan sa shanuna a ciki ba."

Na ce, "Baffa, ka yafe min."

"Na yafe. Da kika zo kika faɗa, kin kyauta."

Ya gyara sandarsa a kafaɗa ya juya. Garken ya riga ya yi nisa, ya nufi wata hanya da ban sani ba. Na tattare mayafina na bi bayansa, kamar yadda na saba bin sa tun ina 'yar shekara biyar, in taya su kora ko da maruƙa ne. Ya ji takuna, ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Tsaya nan, Badi."

"Baffa, zan bar wayar. Ga ta, zan ba Goggo."

"Ko kin bar ta, tsaya nan."

Na tsaya. Ina nan tsaye har ƙurarsu ta kwanta.

Yanzu ina ɗakinmu, na yage taswirar daga bango, fentin Yaya Bilki ya biyo ta. Umma ba ta yi min magana ba tun da na dawo, tana can tana jera dubulan a roba. Mu'awiyya ya kira sau goma sha huɗu. Gobe da hantsi Baffa zai sa farar rigarsa ya zauna a zauren nan, ya tambaye ni a ba shi ko kada a ba shi, kuma wallahi har yanzu ban san abin da bakina zai faɗa ba. Ni da na san kowace rijiya da kowace kwana daga Kudan har Gangaren Farar Ƙasa, yau ban san inda shanun Baffana za su kwana ba, kuma babu wanda zai gaya min.